Hannu Kafin Baki: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Koya wa Jarirai Ishara

Daga wajen wata takwas zuwa shekara ɗaya da rabi, yaro yakan shiga wani hali da duk wadda ta taɓa raino ta sani. Ya gane sunansa. Ya gane "zo" da "ungo" da "bari". In aka ce "ina Baba?" sai ya juya yana kallon ƙofa. Abin da yake so ya san shi sarai, baki ne kawai bai buɗe ba. Kuka kaɗai ya rage masa, kuma kukan yunwa da na ƙishirwa da na barci da na jiƙaƙƙen kunzugu duk ta maƙogwaro ɗaya suke fitowa. A ba shi nono ya kau da kai, a goya shi ya banƙare, a sauke shi ya ƙara ƙaimi, har a gaji a ce haƙori ne.

Kusan shekara 40 ke nan wasu masana a Amurka suke cewa ana iya rage wannan wahala. Dabarar ba ta da wuya. A zaɓi 'yan kalmomin da yaro ya fi buƙata, irin su nono, ruwa, ƙari, barci da ciwo, a haɗa kowace da wata ishara ta hannu, a riƙa yin isharar duk lokacin da aka faɗi kalmar. Bayan wasu makonni ko watanni yaro zai fara mayarwa, ya faɗi buƙatarsa da hannu tun harshensa bai iya ba. A Amurka da Ingila abin ya zama kasuwa sosai: littattafai, fayafayen bidiyo, da azuzuwan da iyaye ke biyan kuɗi su kai jariransu. Har fim ya shiga, don a Meet the Fockers na 2004 an ga Robert De Niro a matsayin kakan da ke koya wa jikansa ishara. Yanzu kuwa duk mai waya a hannu yana iya cin karo da bidiyon wata 'yar wata goma tana neman madara da yatsu, a ƙasa an rubuta cewa haka ake samun yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa.

A cikin zancen akwai gaskiya, akwai kuma talla, kuma ya kamata a raba su.

Me ya sa hannu ke riga baki

Furta kalma ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an sarrafa numfashi, an kaɗa tantanin murya a maƙogwaro, harshe da leɓe da muƙamuƙi kowa ya faɗa wurinsa, duk cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bakin jariri kuwa tsotso ya fi dacewa da shi: harshe ya cika bakin, maƙoshi yana can sama, sai a hankali yake saukowa. Shi ya sa yawancin yara ba sa furta kalmar farko mai ma'ana sai wajen shekara ɗaya, haɗa kalmomi biyu kuma sai wajen shekara biyu. Gwarancin da ake ji kafin nan, su "ba-ba-ba" da "da-da-da", gwaji ne kawai.

A lokacin hannu ya riga ya yi nisa. Ɗan wata shida yana miƙa hannu ya damƙi abu ya kai baki. Ɗan wata tara ko goma yana tsintar ƙwayar shinkafa da babban yatsa da manuni. Tsakanin wata tara da shekara ɗaya yake fara tafi, da ɗaga hannuwa a ɗauke shi, da nuna abu da yatsa. Sannan abin da hannu ke yi a fili yake, yaro yana gani ya kwaikwaya, uwa ma tana iya kama hannunsa ta gwada masa. Ba wanda zai iya kama harshen yaro ya nuna masa inda ake kai shi a furta "ruwa".

Ko a gidajenmu ana koya wa yara ishara, ba a dai sa mata suna ba ne. "Yi wa Baba bai-bai." "Tafa wa Kaka." Yaron da ke zaune kusa da mai salla, in aka ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga nasa, in aka shafa ya shafa, gida ya kwashe da dariya. Abin da masanan Amurka suka ƙara shi ne niyya da tsari. Maimakon ishara biyu ko uku na burge baƙi, a ba yaro goma ko ashirin da zai biya buƙatarsa da su.

Inda abin ya samo asali

Ta hanya biyu ya ɓullo. Ta farko daga wajen kurame. Joseph Garcia tafinta ne na maganar hannun Amurka, kuma a zamansa da abokansa kurame ya lura cewa 'ya'yansu masu ji suna faɗa wa iyayensu buƙatunsu da hannu tun ba su shekara ba, alhali tsararrakinsu a gidajen masu ji sai dai kuka. A 1987 ya ɗauki wannan a matsayin bincikensa a wata jami'a da ke Alaska, ya ce jariran da aka fara yi wa ishara a kai a kai tun suna wata 6 ko 7 sukan fara mayarwa a wata na 8 ko na 9. Littafinsa Sign with Your Baby ya fito a 1999, kuma shi yana ganin ainihin kalmomin maganar hannun Amurka ya kamata a koya wa yaro.

Ta biyu daga gidan wata malamar jami'a. A 1982 Linda Acredolo, masaniyar halayyar yara a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ta ga 'yarta mai shekara ɗaya ta nuna fure a lambu sannan ta ja hanci. Daga baya yarinyar ta riƙa yin haka ko da hoton fure ta gani. Ashe ba ƙamshi take nema ba, sunan abin take faɗa. Acredolo da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka bi diddigi, suka tarar yara da yawa suna ƙirƙiro irin waɗannan isharori da kansu, iyaye ne ba sa lura. Littafinsu Baby Signs ya fito a 1996. Su a wajensu duk isharar da gida ya ƙirƙiro ta wadatar.

Abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba

A shekarar 2000 matan biyu suka wallafa binciken da har gobe masu tallar abin ke kafa hujja da shi. Jarirai 103 'yan wata 11 aka kasa gida uku: wasu iyayensu suka koya musu ishara, wasu aka ce iyayen su dage da nanata musu kalmomi da baki, wasu kuma aka bar su yadda suke. Aka bi su har suka shekara uku. 'Yan rukunin ishara sun ɗan yi gaba a wasu gwaje-gwajen fahimtar magana da furta ta, musamman zuwa shekara biyu. A wannan shekarar kuma suka gabatar wa wani taron masana sakamakon da ya fi kowane yawo a duniya: wai da aka sake gwada wasu daga cikin yaran suna shekara 8, waɗanda aka koya wa ishara sun zarce sauran da maki 12 a gwajin kaifin basira. Wannan lambar ce ta sayar da littattafai.

Amma yaran da aka sake gwadawar ba su kai 50 ba. Ga kuma wata matsala da ke bin irin wannan bincike. Uwar da za ta zauna kullum tana yi wa jaririnta ishara, wataƙila dama can ita ce mai yawan yi masa hira da wasa. In ɗanta ya yi saurin magana, hannun ne ya jawo ko hirar?

A 2005 wasu masana uku a Kanada suka tattara duk abin da aka rubuta kan batun. Rahotanni 1,208 suka samu, 17 kacal suka cika sharuɗɗan da za a duba su a matsayin bincike, kuma su ma ɗin yawancinsu da rauni: yara kaɗan, ko ba a bayyana yadda aka raba su rukuni-rukuni ba. Hukuncin da suka yanke shi ne babu hujjar da ta isa a ce ishara tana gaggauta magana.

Sai a 2013 Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Jami'ar Hertfordshire da ke Ingila suka yi gwajin da ya toshe waccan kafa. Jarirai 40 suka ɗauka, suka raba su ta hanyar ƙuri'a don kada zaɓin iyaye ya shiga, suka bi su daga wata 8 zuwa wata 20. Jariran da aka koya wa ishara sun koya, sun kuma yi amfani da ita. Amma ba su riga sauran fara magana ba, ba su kuma fi su yawan kalmomi ba. A wajen iyaye mata aka ga bambancin. Waɗanda suka yi ishara sun fi lura da motsin 'ya'yansu, da inda suke kallo, da abin da suke ƙoƙarin nunawa, sun kuma fi barin yaro ya gwada abu da kansa. Wani binciken da aka yi a wannan jami'a ya ma gano cewa matan da ke zuwa azuzuwan ishara sun fi waɗanda ba sa zuwa yawan damuwa, kuma masanan sun fi zaton masu fargabar kada ɗansu ya zama na baya ne dama suke tururuwa zuwa ajin.

Wanda ya fi ba da haske a ganina wani aiki ne da bai shafi koyar da ishara ba sam. A 2009 Meredith Rowe da Susan Goldin-Meadow na Jami'ar Shikago suka wallafa abin da suka gani a gidaje 50. Sun ɗauki bidiyon yara 'yan wata 14 suna harkarsu da iyayensu, sannan suka gwada yawan kalmomin yaran suna shekara huɗu da rabi. Yaran da suka fi yawan nuni da ishara tun suna ƙanana su suka fi yawan kalmomi daga baya, kuma iyayensu su ne masu yawan nuni da hannu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya nuna kyanwa a kan katanga, uwa ta ce, "Kyanwa ce. Ka ga kyanwa? Ta hau katanga." Kalmar ta zo a daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin, don haka ta zauna. Yaron da ya nuna ba wanda ya tanka masa, wannan damar ta wuce shi.

To ga inda maganar ta tsaya. Ishara ba ta mayar da yaro haziƙi, kuma duk wanda ya ce ku biya kuɗi don haka, kuɗinku yake so. Amfaninta na 'yan watannin nan ne da yaro ya san abin da yake so bai iya faɗa ba, da kuma yadda take sa babba ya dubi fuskar yaro ya jira amsa. Wannan ba kaɗan ba ne. Gidan da ake yi wa yaro hira, ake amsa masa in ya yi nuni, bai yi asarar komai ba don bai koya masa ishara ko ɗaya ba.

"Za ku mayar da shi bebe"

Wannan ita ce fargabar da za ku fara ji, galibi daga bakin kakanni: in ya saba da hannu, yaushe zai buɗe baki? A duk binciken da aka ambata ba a ga inda ishara ta jinkirta maganar yaro mai ji ba. Ai ba a yin ta shiru, kullum tare da kalmar take tafiya, har ma yaro ya fi jin kalmar saboda nanatawa. Sannan da zarar baki ya buɗe, magana ta fi masa sauƙi. Da murya yana iya kiran Umma daga tsakar gida tana cikin ɗaki, ko cikin duhu, ko hannunsa riƙe da abu. Rarrafe bai taɓa hana yaro tafiya ba, ranar da ƙafa ta yi ƙwari zai bar shi. Haka isharorin ke zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an hana shi ba.

In kuna son gwadawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen wata shida, sa'ad da yaro ya fara zama kuma aka fara ba shi kunu bayan nono. Kada ku sa ran amsa da wuri. Wani sai wata takwas, wani goma, wani sai ya shekara, wani kuma ba zai taɓa kula ku ba sai dai ya fara magana kawai. Ku fara da uku ko huɗu.

Ga yadda abin yake kasancewa. Uwa tana zaune a tabarma, ɗanta ɗan wata tara yana gabanta, kofin kunu a gefe. Ta ba shi cokali biyu sai ta dakata. Yaro ya buɗe baki, ya kalli cokali, ya kalle ta. Nan ta tattara kan yatsun kowane hannu, ta haɗa su sau biyu a kusa da fuskarta, ta ce, "Ƙari? A ƙara maka?" Sai ta ba shi nan take, ba ta jira ya yi ba. Gobe haka, jibi haka. Wata rana da ta dakata sai ya dunƙule hannayensa ya gwara su, abin ya fi kama da tafi. Ta ce, "Yauwa, ƙari! Ga shi." Ba ta gyara masa yatsu ba, don wanda ke kiran ruwa "uwa" ma ba a ce masa ya yi kuskure. Bayan mako guda za ta ga yana yi wa babansa wannan isharar in ya cilla shi sama ya sauke, yana yi wa yayarsa in ta daina yi masa waƙa. A nan ne ake gane ya riƙe ma'anar, ba cokalin kunu kawai ya haddace ba.

Abu ɗaya da ba a yi shi ne hana yaro abinci ko ruwa har sai ya yi ishara. Wanda ya yi haka ya mayar da hira jarrabawa, kuma kukan da ake gudu shi za a samu.

Isharar nono da ake gani a bidiyo, buɗe hannu da dunƙule shi, daga tatsar saniya aka ɗauko ta, kuma ta zauna daidai a ko'ina. Abinci a kai kan yatsu baki. Barci a kwantar da kunci a tafin hannu. Ta ciwo ita ce mafi amfani kuma mafi wuyar koyarwa, don sai abin ya faru: ya buge goshi, a haɗa manunan hannu biyu a kusa da wurin a ce, "Ciwo? Sannu, ciwo." Ranar da yaro ya yi wannan isharar a kusa da kunnensa da tsakar dare, an huta da canki-canki.

Sai dai a yi hattara da kwafo komai daga waya. Isharar ruwa ta Amurka yatsu uku ne a haɓa, siffar harafin farko na sunan ruwa da Turanci, don haka ba ta da wata ma'ana ga yaron da ake ce wa "ruwa". Kwatanta kai kofi baki ya fi ta. Wadda suke yi in an gama cin abinci kuwa, a ware yatsu biyar na hannu biyu a juya tafin waje, ku dube ta da idon mutumin Kano ko Maraɗi: saura ƙiris ta zama daƙuwa. Ba wanda zai so ɗansa ya yi wa surukarsa wannan a gaban baƙi. Muna da tamu, a kakkaɓe tafin hannu biyu a ce "ya ƙare". Kira ma yafito muke yi, tafin hannu yana kallon ƙasa. Duk isharar da mutanen gidan suka riga suka sani ita ta fi, don kowa zai gane ta ba sai an yi masa bayani ba. Batun dama da hagu kuma a ɗaga wa yaro ƙafa, ya yi da duk hannun da ya samu, wannan tarbiyyar tana nan tafe.

Littattafan nan an rubuta su ne don gidan da jariri ke zaune a doguwar kujera yana fuskantar uwarsa. Namu yaron yakan yi rabin yini a goye, yana jin murya amma ƙeya yake gani. Saboda haka sai a yi amfani da lokutan da ake ido da ido: shayarwa, wanka, shafa mai, sauya kunzugu, ba da kunu. Abin da muka fi su da shi kuma shi ne yawan hannuwa. Ga kaka, ga goggo, ga 'yar raino, ga yayye, kuma yayye sun fi kowa naci, su ba sa gajiya da maimaita abu sau ɗari. Inda uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta iya zama tana yi masa wasa a gaban surukai, kaka tana iya ɗaukar aikin. A dai daidaita, kada kowa ya zo da tasa isharar ga abu ɗaya.

Bidiyon kuwa na iyaye ne, ba na jariri ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin. Waya ba ta ganin ya yi ishara, balle ta miƙo masa kunu.

Yaron da ishara ta zame wa dole

Duk abin da aka faɗa a sama game da yaro mai ji ne, wanda in an yi masa ishara to, in ba a yi ba zai yi maganarsa. Akwai yaran da lamarinsu ya wuce nan. A Ingila tun shekarun 1970 ake amfani da wani tsari mai suna Makaton, ishara tare da magana, ga yaran da ke da larurar Down da sauran masu jinkirin magana. Sai kuma yaron da ba ya ji, wanda shi 'yan isharori ashirin ba za su ishe shi ba.

Maganar hannu ta kurame cikakken harshe ne mai nahawunsa, ana ba da labari da shi, ana gardama, ana zolaya. William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet a Amurka ya nuna haka a rubuce tun 1960. A 1991 Laura Petitto da abokiyar aikinta a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa jariran kurame da ke tashi a gidan da ake maganar hannu suna yin gwaranci da yatsu, suna maimaita guntayen motsi marasa ma'ana, a daidai watannin da masu ji ke yin nasu da baki. Ƙwaƙwalwar jariri harshe take nema, ta kunne ya shigo ko ta ido. Irin waɗannan harsuna sun haura 300 a duniya, kuma ƙasar Hausa tana da nata. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kansa mai suna Maganar Hannu, wanda ya fito a 2000. Wanda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa ya fi jingina da na Amurka, saboda Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da Ibadan a 1960, ya kuma kafa kimanin 30 a ƙasashen Afirka 13.

Abin takaicin shi ne wannan fargabar ta "zai hana shi magana" kurame ta fi cutarwa. A 1880 wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta sauti. Makarantu da yawa a Turai da Amurka suka bi, kuma sai a 2010 taron ya fito fili ya janye wannan matsaya. Har yau akwai wuraren da ake kai jariri mai ji ajin ishara don ya yi fice, ake kuma ce wa iyayen jariri kurma su guji ishara don kada ta ɓata shi.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa maganar hannu ba. Shekarun farko kuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Yaron da ya kai shekara biyar ko shida ba shi da harshe ko ɗaya, na baki ko na hannu, yakan sha wahalar cike wannan giɓi har girmansa, a karatu da lissafi da ma fahimtar mutane. Ba kurumtar ce ta jawo ba, rashin harshen ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne ke da matsalar ji mai tsanani a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga abubuwan da ake iya kaucewa ne. Cikinsu akwai sanƙarau, wanda arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi ke tsakiyar yankin da ya fi addaba, da ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, da ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe, da wasu allurai irin su jentamaisin in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ko da ya warke sarai.

Gane jaririn da ba ya ji yana da wuya fiye da yadda ake zato. Yana kuka, yana dariya, yana 'yan sautukansa a watannin farko. Ya ƙware wajen karanta fuska da bin motsin mutane, har a riƙa yabonsa da wayo. Yaron da ya iya ishara ma yana iya rufe matsalar, tunda buƙatarsa tana biya. Saboda haka a lura. Jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, ko ɗan wata shida da ba ya juyawa wajen sauti, ko ɗan wata tara da ba ya waiwayowa in an kira sunansa daga baya kuma ba ya gwaranci, ko wanda ya shekara ba ya nuni ba ya ɗaga hannu, ko ɗan shekara ɗaya da rabi da ba shi da kalma ko ɗaya, ko wanda ya fara magana ya daina, duk waɗannan asibiti ya kamata a kai su. Za a ce muku nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara uku. Yana yiwuwa haka ne, amma gwaji ne zai raba gardama.

Gwajin jin jarirai ba ya da zafi. 'Yar na'ura ce ake sawa a kunne na 'yan mintoci, galibi yaro yana barci. Ƙa'idar da likitocin Amurka ke bi ita ce a yi gwajin farko kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. A Nijeriya ana tuntuɓar sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. In aka tabbatar yaro ba ya ji, ko za a sa masa na'urar ƙara ji ko ba za a sa ba, kada a jira ya isa shiga makarantar kurame kafin ya fara samun harshe. A nemi babban kurma a unguwa ko a cikin dangi wanda ya iya maganar hannu, a riƙa gayyatarsa gida, uwa da uba da yayye su zauna su koya a wajensa, su riƙa yi wa yaron da juna a gabansa tun yana goye.